Bayan Na Dawo Daga Libiya

Walda ce ta kai ni Libiya. A Kano na koye ta, wajen wani maigida mai ƙera ƙofofi da tagogi, kuma a shagonsa na fara jin ana cewa a Sabha mai sana'ar hannu yana samun abin da ba zai samu a gida ba ko da zai riƙa kwana yana aiki. A 2003 na sayar da awakin da Inna ta yi mini kiwo, na fita ta Maigatari zuwa Damagaram, daga nan Agadas, sai Dirku, sai sahara. Ba zan tsaya kan wahalar hanya ba. Duk wanda ya taɓa hawa bayan babbar mota rungume da jarkar ruwa ya san ta.

Mu da muka dawo mun saba ɓoye daɗin da muka ji a can, don kada a ce mun raina gida. Ni zan faɗa. Libiya ta zamanin Gaddafi ƙasa ce mai wadata. Burodi kamar kyauta, man fetur ya fi ruwan kwalba araha, gas ɗin girki ba ya shiga lissafin mutum. A wurina kuwa babban arziki shi ne wuta. Ka buɗe shago da safe, ka kunna inji, ka yi ta aiki har sai hannunka ya ce ya gaji. Aikin da zai cinye mini mako a Kano, can kwana biyu na gama na karɓi wani. Da wannan gumi na yi wa mahaifina rufin kwano, na aurar da ƙannena mata, na zo na yi aure na koma, na kuma sayi fili a Birnin Kudu. Kuɗin ba ta banki muke aikowa ba. 'Yan kasuwa masu kai-komo muke damƙa wa, babu takarda, babu shaida sai Allah, kuma yawanci suna isa.

Amma duk zaman da na yi can, ban taɓa yin barcin mutumin da yake da iko da ɗakinsa ba. Mafi yawanmu ba mu da takardar zama. Idan mutum ya sa ka aiki ya hana ka haƙƙinka, sai dai ka bar shi da Allah, domin ofishin 'yan sanda ba wurin da baƙar fata marar takarda zai kai kansa da ƙafarsa ba ne. Yara su jefe ka a titi suna kiranka bawa, ka sunkuyar da kai ka wuce. Waɗanda suka riga mu zuwa suna ba mu labarin garin Zawiya, inda a Satumban 2000 aka tasam ma baƙaƙen fata, aka kashe na kashewa, aka ƙone masaukansu, aka kwashi dubbai aka mayar ƙasashensu. Shi ya sa kowannenmu kuɗinsa a ɗinke suke a ƙugun wando, takalminsa kuma a bakin katifa. Ba na cewa duk mutanen ƙasar haka suke. Balaraben da na fi daɗewa a shagonsa mutumin kirki ne, da azumi tare muke buɗa-baki da 'ya'yansa. Sai dai kirkinsa iyakarsa ƙofar shago. Daga nan zuwa masauki, ni ne da Ubangijina.

A Fabrairun 2011 bore ya tashi a Bangazi. Aka baza cewa Gaddafi ya ɗebo sojojin haya daga ƙasashen baƙar fata, nan take kowane baƙin mutum ya zama abin tuhuma, ko birkila ne ko mai wankin mota. Ranar 19 ga Maris jiragen Faransa da Ingila da Amurka suka fara ruwan wuta. Gwamnatin Najeriya ta aika jirage Tarabulus, amma mu da ke kudu hanyar Tarabulus ta fi mana haɗari, sai muka juya ta inda muka shigo. Na baro injinana da kuɗin ayyukan da ban karɓa ba. Abin da ban ɓoye da kyau ba kuma, masu bindiga a shingayen hanya suka raba ni da shi.

Na iso gida ana dab da zaɓen shugaban ƙasa na watan Afrilu. Ana gama zaɓe rikici ya ɓarke a Kano da Kaduna da Bauci. Wani abokina ya ce mini, "Malam, ka gudo wa yaƙi ka tarar da yaƙi." Ni ban ji haka a jikina ba. Lokacin bazara ne, ɗaki ba ya shiguwa, na shimfiɗa tabarma a ƙofar gida cikin samarin unguwa na yi barci har sai da ladan ya tashe ni. Rabona da irin wannan barci na manta. Inna kuwa, da yake ni ne ɗan fari, ba ta kiran sunana, ba ta kuma nuna ɗoki a gaban mutane. Ƙanwata kawai ta ce wa, "Ki dama masa fura, kin ga yadda ya koma." Baffana ne daga baya ya gaya mini cewa tun da aka fara faɗin labarin Libiya a rediyo ta daina cin tuwon dare.

Daɗin dawowa bai daɗe ba lissafi ya fara. Na buɗe shago a filin nan nawa, na tarar da abin da na baro: a kawo wuta cikin dare, a ɗauke kafin gari ya waye. Dole na sayi babban janareta, riba ta koma cikin tankinsa. A ranar 1 ga Janairun 2012 aka janye tallafin mai, lita ta tashi daga naira 65 zuwa 141, sai da aka yi yajin aiki kafin ta sauko 97. Masu kawo mini aiki kuma manoma ne, kuɗinsu sai kaka. Ka yi wa mutum ƙofa da bazara, ya ce sai ya sayar da riɗi ko gyaɗa a kasuwar Sara, kuma ba ka da bakin cewa a'a, don tare kuka taso. Ga dangi sun ɗauka duk wanda ake kira Ɗan Libiya yana da dala a ƙarƙashin gado: suna, biki, jinya, kuɗin makaranta, duk ƙofarka ake ƙwanƙwasawa. Abin da na tsira da shi ya narke ina gani. Ranakun da na zauna a shago babu wuta babu kuɗin dizal, zuciyata ta sha raya mini in koma. Cikin waɗanda muka dawo tare akwai waɗanda suka koma ɗin. Wasu suna aiko da saƙo har yanzu, wasu kuma iyayensu sun gaji da jira sun yi musu sadaka.

Sai kuma tashin hankalin da ake ji daga nesa ya matso. Ranar 20 ga Janairun 2012 bama-bamai suka tashi a Kano. Ni a Ƙofar Ruwa nake sayen ƙarfe, tafiyar da a da ake yi a dawo kafin la'asar ta koma ta yini cur, saboda shingayen sojoji daga Wudil har cikin birni. A sauke ku, ku ɗaga hannu, mai babur ya sauka ya tura. A Janairun 2013 aka kai wa Sarkin Kano Ado Bayero hari, aka hana acaɓa a birnin, samarinmu da yawa suka dawo ƙauye hannu rabbana. A Afrilun 2014 abin ya zo har gida: 'yan bindiga suka shiga Gwaram cikin dare, suka far wa ofishin 'yan sanda da banki da kotu, suka kashe 'yan sanda. Matata 'yar can ce, mun kwana muna neman surukaina a waya. A watan Yuli sojoji suka shiga dajin Balmo da ke ƙasar Bauci, bayanmu kaɗan, suka tarwatsa wani sansani.

Mai walda yana ganin tsoron jama'a tun kafin su furta shi. A da, ƙofar langa-langa ta ishi mutum, wani ma asabari kawai yake sakawa. A shekarun nan kowa ya zo sai ya ce a sa masa faranti mai kauri, a ƙara sakata ta ciki, a yi wa taga ƙarafa. Aiki ya samu, amma ban ji daɗin dalilinsa ba.

Duk da haka, tsoron nan bai yi kama da na Sabha ba, kuma na daɗe ina tunanin me ya bambanta su. A nan, da abin ya faru, a ƙofar gidan mai unguwa aka taru, ni ma ina zaune a kan tabarmar. Aka yi shawarar sintiri, aka yanka wa kowane gida abin da zai bayar na fitila da batir, aka ce duk wanda ya yi baƙo ya kai shi a san da zamansa. Na yi magana an saurare ni. Tsoro ne da muka raba a tsakaninmu, kowa ya ɗauki nasa kaso. A can kuwa, idan aka taru don shawarar tsaro, ni ne abin da ake shawara a kai.

Wannan ne ya sa na kasa yin shiru lokacin da masu gudun hijira daga Borno da Yobe suka fara ratsowa ta garinmu. Wani magidanci daga wajen Damaturu ya zo shagona neman aiki, ya ce ya iya yankan ƙarfe. Maƙwabtana suka ja ni gefe: "Ka san ko waye? Ka rufa mana asiri." Ba su yi laifi ba, lokacin ne ya zo da haka. Amma na ga yadda mutumin yake tsaye, idonsa a ƙasa, yana amsa tambaya tun kafin a gama yi masa ita, na san wannan tsayuwar domin na yi ta shekara da shekaru. Na kai shi wurin mai unguwa na ce, "Ranka ya daɗe, baƙona ne, in ya yi wani abu ni za a tambaya." Ya zauna da mu har ƙura ta lafa ya koma garinsu.

Yau idan aka tambaye ni abin da ke hana ni barci, ba bindiga zan fara ambata ba. Alhamdu lillahi, in aka dubi Zamfara da Katsina, mu a Jigawa sai godiya, ko da yake akan ji labarin satar mutane daga dazuzzukan da ke wajen Ningi, kuma da kaka akan yi ta fargabar rigimar manoma da makiyaya. Abin da ya fi cin mutanenmu shi ne hanya da ruwa da ciwo. Tsohon gwamnanmu Sule Lamido, ɗan Bamaina, ya shimfiɗa tituna a mulkinsa daga 2007 zuwa 2015, wannan ko abokin hamayyarsa ba ya musu. Amma a daminar 2021 ruwa ya cinye gada a Radabi, kan hanyar Gwaram zuwa Basirka, mota ta afka ciki, mutum 21 suka rasu. A 2022 ambaliya ta shafe gonaki a faɗin jihar. Ciwo kuwa, asibitin tarayya da ke Birnin Kudu rahama ne, har daga Gwaram da ƙasar Bauci ake zuwa, sai dai magani ko'ina da kuɗi ake saye, kuma jinya ɗaya tana iya raba magidanci da gonarsa.

A nan ɗin ma na ga abin da ya zaunar da ni. Da haihuwa ta zo wa matata da gardama aka ce sai an yi mata aiki kuma ana bukatar jini, kafin in gama kiran waya yaran shagona da maƙwabta sun cika baranda suna naɗe hannun riga. Bayan sallar isha'i liman ya yi sanarwa, aka haɗa abin da ya sauwaƙa. Na tuna wani ɗan Gumel da muka zauna ɗaki ɗaya a Sabha, zazzaɓi ya kwantar da shi, ya ƙi zuwa asibiti don tsoron a tambaye shi takarda. Mu 'yan kaɗan muka yi masa sutura, kuma sai bayan watanni labari ya isa wurin mahaifiyarsa ta bakin wani direba.

Tun da aka sake janye tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, sana'ar ta ƙara nauyi. Ƙarfe ya yi tsada, dizal ya yi tsada, yanzu abin da ke riƙe da shagon shi ne ƙafafun tankin ruwa da firam ɗin sola. Ɗan ƙanwata da ke koyon aiki a wurina ya tare ni kwanakin baya ya ce, "Kawu, ku kun je kun samo, mu kuna hana mu." Ban iya ƙaryata shi ba, don a ƙarƙashin kwanon da Libiya ta saya aka haife shi. Ya kuma san cewa dokar hana safarar baƙin haure da Nijar ta kafa a 2015, sojojin da ke mulki sun soke ta a Nuwamban 2023, motoci sun ci gaba da tashi daga Agadas a fili. Na gaya masa ƙasar da na sani ta tafi tare da Gaddafi, da kuma cewa a 2017 duniya ta ga hotunan yadda ake cinikin baƙaƙen fata a can. Na gaya masa daɗin wutar, na gaya masa labarin ɗan Gumel. Na ce in ya zama dole sai ya fita, to ya ƙware tukuna, ya fita da fasfo da takardar aiki, ko ina ne. Ya ce ya ji. Yanzu ya fi ni iya haɗa tagar alminiyam, masu aiki har sunansa suke nema. Na lura yana tara kuɗi wurin wani mai shago a bakin tasha, bai kuwa gaya mini na mene ne ba.