Wayar Kawu

A hutun zaɓen 2023 na sauka Agege wajen kawuna, mai sayar da goro. Lokacin an sauya fasalin naira, tsabar kuɗi ta yi ɓatan dabo, ciniki ya koma waya.

Kawu yana karanta ajami kamar ruwa, boko kuwa sai a hankali. Amma a WhatsApp ba ya neman taimakon kowa. Maɓalli ɗaya ne, ya danna, ya yi magana, ya saki. Manhajar bankinsa fa? Shafi bayan shafi, duk Turanci. Sai ya miƙo mini wayar: "Ɗan nan, tura wa mutumin can." Har lambar sirrinsa ya faɗa mini a gaban jama'a.

Nan na tuna da George Miller, masanin halayyar ɗan'adam, wanda ya ce a 1956 ƙwaƙwalwa abu bakwai ko kusa da haka take riƙewa lokaci guda. Lambar asusu kuwa goma ce, a jere ba sarari. Na riƙa raba masa ita a bayan kwali: uku, uku, huɗu. Wannan ya iya nan take.

Turancin ne na kasa raba masa. Na koma makaranta ina tunanin wa zai miƙa wa wayar bayana.