Kudancin Labanan a Bakin Sojojin da Suka Yi Gadinta

Mafi yawan Hausawa sun san Labanan ne ta hanyar Kwarori, 'yan kasuwar da suka daɗe a Kano. Amma akwai wasu 'yan Najeriya da suka san ƙasar ta wata ƙofa daban, su ne sojojin da aka riƙa turawa bataliya bayan bataliya daga 1978 zuwa farkon 1983, a ƙarƙashin rundunar kiyaye zaman lafiya ta Majalisar Ɗinkin Duniya da ake kira UNIFIL. Sun yi aiki kafaɗa da kafaɗa da sojojin Senegal, Gana, Fiji, Nepal, Ailan, Norway da Faransa, kuma kwamandan farko na rundunar Janar Emmanuel Erskine ne, mutumin Gana. Abin da tsofaffin sojojin waɗannan ƙasashe suke tunawa yana yawan komawa kan abu biyu da kamar ba sa jituwa: karamcin mutanen ƙauyukan da suka zauna a cikinsu, da kuma takaicin riƙe bindiga alhali ba ka iya hana komai. A ganina waɗannan biyun tushensu ɗaya ne. Sojojin sun sauka ne a yankin da gwamnatinsa ta daɗe da juya masa baya, kuma wannan rashin hukuma shi ya sa aka rungume su, shi ne kuma ya ɗaure musu hannu.

Labanan ƙaramar ƙasa ce, faɗinta bai wuce murabba'in kilomita 10,452 ba, wato ba ta kai jihar Kano ba, amma doka ta amince da ɗariƙu da mazhabobi 18 a cikinta. Da ta samu 'yancin kai daga Faransa a 1943, an yi rabon muƙamai bisa addini: shugaban ƙasa Kirista Maroniya, firaminista Sunni, kakakin majalisa ɗan Shi'a. An gina rabon ne kan ƙidayar 1932, kuma har yau ba a sake ƙidaya a hukumance ba, don kowa na tsoron abin da alƙaluman za su tona. Beirut ta bunƙasa da bankuna da jami'o'i da gidajen buga littattafai, amma kudu, tuddan Jabal Amil inda 'yan Shi'a suka fi yawa, an bar ta da noman taba da zaitun, hanyoyi marasa kyau da ƙarancin asibitoci. Ba banza ba ne malamin nan Musa Sadr ya kira tafiyar da ya kafa a 1974 ƙungiyar waɗanda aka hana haƙƙinsu. Ba banza ba ne kuma samarin garuruwan kudu, irin su Juwayya kusa da birnin Sur, suka riƙa yin ƙaura zuwa Afirka ta Yamma neman abinci. Sojan Najeriya da ke tsaye a shingen bincike yana iya tarar da cewa gidan da ya fi kowane kyau a ƙauyen da kuɗin Afirka aka gina shi.

A kan wannan talauci aka ɗora yaƙi. Yarjejeniyar Alƙahira ta 1969 ta ba mayaƙan Falasɗinawa damar aiki daga ƙasar, korarsu daga Jodan a 1970 da 1971 ta ƙara musu yawa, yaƙin basasa ya ɓarke a 1975 ya tarwatsa rundunar sojan Labanan. A watan Maris na 1978, bayan harin da mayaƙan Falasɗinawa suka kai wa wata motar fasinja a cikin Isra'ila, sojojinta suka kutsa har bakin kogin Litani. Kwamitin Sulhu ya zartar da ƙuduri mai lamba 425 a ranar 19 ga Maris, ya ba sabuwar rundunar aiki uku: ta tabbatar Isra'ila ta janye, ta maido da zaman lafiya, ta taimaka wa gwamnatin Labanan ta dawo da ikonta a kudu. Na ukun nan shi ne ƙashin bayan sauran, kuma shi ne bai taɓa samuwa ba. Da Isra'ila ta janye a watan Yuni, ba ta miƙa wa Majalisar Ɗinkin Duniya yankin bakin iyaka ba, sai ta damƙa shi ga ƙawayenta, mayaƙan Manjo Sa'ad Haddad. Yankin Sur kuwa ya ci gaba da zama a hannun Falasɗinawa. A ƙarshen Yulin 1978 gwamnatin Beirut ta gwada tura wata rundunarta kudu, amma igwogin Haddad suka tsayar da ita a ƙauyen Kaukaba. Sojoji kusan 6,000 masu shuɗiyar hula suka tsinci kansu a tsakiya, an umarce su su taimaka wa hukumar da ba ta iya isowa wurin.

Daga nan ne karamcin ya samo asali, ko da yake ba a raina ɗabi'ar Larabawa ta girmama baƙo. Manomin da ba shi da ɗan sanda, ba alƙali, ba likitan gwamnati, ya ga cewa likitan bataliya yana duba 'ya'yansa, motar soja tana kawo ruwa, injiniyoyinsu suna tone nakiyoyi daga gonarsa, kuma idan za a girbi zaitun a gonar da ke kusa da bakin daga, rakiyar sojojin ce take sa a fita. Dubban mutanen da suka gudu a 1978 sun koma ƙauyukansu ne saboda akwai waɗannan sansanoni. 'Yan Ailan sun shekara fiye da 20 a Tibnin suna tallafa wa gidan marayun garin, kuma akwai dutsen tunawa a can mai ɗauke da sunayen sojojinsu da suka rasu a ƙasar. 'Yan Norway sun zauna a Ibl al-Saki har 1998. Shayi da gahawar da tsohon soja yake tunawa ba na ladabi kaɗai ba ne, na mutanen da suka ga wani abu mai kama da gwamnati ne a karon farko.

Takaicin ma daga nan yake. Ƙa'idar aikin ita ce kada a yi harbi sai don kare kai. Idan an kama mayaƙi da makami, sau da yawa sai a karɓe makamin a sake shi, domin babu kotu ko gidan yarin da za a kai shi. A Afrilun 1980, bayan artabu a ƙauyen At-Tiri, an kama sojojin Ailan biyu, Thomas Barrett da Derek Smallhorne, aka kashe su. A ranar 6 ga Yuni 1982 tankokin Isra'ila suka ratsa ta tsakiyar sansanonin rundunar suka nufi Beirut, 'yan watanni bayan haka Najeriya ta kwashe sojojinta. Mafi muni shi ne na ƙauyen Kana a ranar 18 ga Afrilu 1996, lokacin da igwogin Isra'ila suka faɗa kan sansanin sojojin Fiji inda fararen hula suka fake, mutum fiye da 100 suka mutu.

Za a iya cewa tunanin soja ba hujja ba ne. Galibi wata shida yake yi, ba ya jin Larabci, duniyarsa ba ta wuce shinge da hanyar sintiri da kantin bakin sansani ba, ga shi kuma alawus na dala yana ƙara wa kowane wuri kyau idan an waiwaye shi bayan shekara arba'in. Wannan gaskiya ce, kuma wanda yake son sanin siyasar Beirut ko adabinta kada ya tambayi mai gadin shinge. Amma shaidar tana da wani ƙarfi da ba a cika lura da shi ba: mutanen Fiji da Nepal da Gana da Norway ba su haɗa harshe ko addini ko ra'ayi kan Falasɗinu ba, sun zo a shekaru daban-daban, duk da haka labarinsu ya faɗa wuri guda, kuma ya yi daidai da rahotannin da sakatarorin Majalisar suka riƙa kai wa Kwamitin Sulhu. Suka ta biyu ta fi nauyi, wato cewa rundunar ta gaza, kuma zancen karamci lallashin kai ne kawai. Isra'ila na zarginta da barin ƙungiyar mayaƙa ta Hizbullah ta tara makamai a gabanta, su kuma mutanen kudu da dama na zarginta da zuba ido ana rusa musu gidaje. Duka zargin biyu akwai ƙamshin gaskiya a cikinsu. Sai dai ba a taɓa tura ta don ta yaƙi ɗayan ɓangarorin ba, ko bayan yaƙin Isra'ila da Hizbullah na 2006 da ƙuduri na 1701 ya ba da izinin ƙara yawanta zuwa 15,000. An ce ta tallafa wa sojan Labanan ne, kuma mai tallafi ba ya ɗaukar kayan da mai shi bai sunkuya ya kama ba.

Wa'adin farko na rundunar wata shida ne, aka yi ta sabunta shi, sojojinta fiye da 300 suka rasu a bakin aiki. A watan Agustan 2025 Kwamitin Sulhu ya yanke cewa aikinta zai ƙare ranar 31 ga Disamba 2026, sannan a kwashe ta cikin shekara guda, sojan Labanan ya karɓi tsaron kudu shi kaɗai. Wannan sojan kuwa, tun da kuɗin ƙasar ya rasa fiye da kashi 90 cikin 100 na darajarsa bayan rikicin bankuna na 2019, sai da Katar da Amurka suka sa hannu a aljihu kafin albashinsa ya iya ciyar da gidansa.