Faifan da Yaya ya kawo

Yayanmu ne ya sayo faifan Prison Break a kasuwar Jega, lokacin yana karatu a jami'ar Aliero. Turancinmu bai kai ba, shi ke fassara mana. Daidai inda su Scofield za su tsallake katangar gidan yari faifan ya maƙale. Muka goge da riga, muka hura, ya ƙi. Sai da muka je Maiyama muka aro na ɗan kawunmu.

Hutun nan muka tono faifan muka sake kunnawa. Yanzu muna jin Turancin, ashe rabin fassarar Yaya ƙirƙirarsa ce! Mun so mu tsokane shi, amma bara ya rasu, Allah Ya jiƙansa. Faifan ya sake maƙalewa a wurin nan, ba wanda ya tashi gogewa.