Sanganeb: Lambun Murjani a Bahar Maliya

Daga Fot Sudan jirgin ruwa zai kai ka Sanganeb, wurin da UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a 2016. Leƙa ƙasa ka ga murjani ya yi lambu, kifaye kala-kala suna ratsawa.

Murjani dabba ne. Ƙananan tsirrai da ke jikinsa suke ciyar da shi idan akwai haske. Ruwa ya cika zafi, sai ya kore su, ya yi fari fat.

Shi ya sa mai kiwonsa a akwatin gilashi yake kwaikwayon teku: gishirin teku giram 35 a kowace lita, zafi digiri 25, fitila mai ƙarfi, da haƙurin makonni kafin ya saka kifi. Ya kuma sayi murjanin da aka raina, a bar na teku a teku.