Jariran Da Ba Su Kai Suna Ba

Wusasa tana yamma da birnin Zariya, kusa da dutsen Kufena. Majami'ar laka ta St. Bartholomew wadda aka gina a 1929 tana nan tsaye, ga kuma asibitin St. Luke. Daga nan muka tashi ni da Pastonmu cikin hutun Kirsimeti, domin mu gaida wata 'yar ekklesiya ta 'yan'uwanmu Hausawa a wani ƙauye wajen Giwa.

Mota ta sauke mu a bakin titi, sauran tafiyar sai a babur. Hunturu ya kankama, an gama girbi, rumbuna cike. Muka ƙetare wani rafi da ya ƙafe. Mai babur ya ce da damina in ya kawo, sai a kwana ana jiransa. To, mai naƙuda fa, da tsakar dare cikin Agusta?

Bayan sujada aka kai mu barka gidan wata mai jego. Can muka tarar da tsohuwar ungozomar ƙauyen. Na ce, "Iya, jarirai nawa aka rasa bana?" Ta ce, "Malam, wanda bai kai suna ba, ai ba a ƙirga shi." Maganar nan ta tsaya mini a rai, gama waɗannan su ne mafi yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 jarirai wajen miliyan 2.3 suka mutu kafin su cika kwana 28, kusan uku cikin huɗu kuwa a makon farko. A Nijeriya, binciken 2018 ya nuna 39 cikin kowane 1,000.

Abin da ya fi ɗauke su uku ne: haihuwar bakwaini, rashin numfashi bayan doguwar naƙuda, da ƙwayoyin cuta. Amma sai mutum ya zauna a ɗakin mai jego zai ga ƙofar da suke shigowa.

Ga sanyi. Iska tana kaɗawa ta ƙarƙashin asabari, ga al'ada kuwa da an yanke cibiya sai wanka. Jariri jiƙaƙƙe yakan huce da sauri, balle bakwaini da ba shi da kitse. In ya huce ba ya kama nono, in bai sha ba ya ƙara hucewa. Likitoci sun ce a goge shi sarai, a rufe kansa, a kwantar da shi a ƙirjin uwarsa fata da fata, wanka ya jira awa 24. A Bogota ta ƙasar Kolombiya aka soma renon bakwaini a ƙirji haka a 1978, domin kwalaben reno sun kasa musu. Mu da muka iya goyo tun kakanni, wannan bai kamata ya gagare mu ba.

Ga cibiya kuma. Tsohuwar reza, tsumma mai zafi na gashi, toka, har man goge baki na ji ana shafawa yanzu. Ta nan cuta take shiga jini. Akwai maganin shafawa mai suna chlorhexidine, Jihar Sakkwato ta soma raba shi a 2013. Allurar da ake yi wa mai ciki wurin awo kuwa ita ce take kāre jariri daga ciwon sarƙewar haƙora.

Zancen awo ba sabo ba ne a ƙasar Zazzau. Daga 1976 zuwa 1979 Likita Kelsey Harrison da abokan aikinsa sun bi haihuwa 22,774 a asibiti a Zariya. Suka ga matan da ba su yi awo ba, waɗanda aka kawo su sai da abu ya ɓaci, sun fi rasa jarirai nesa ba kusa ba. Haka kuma 'yan mata ƙanana, da waɗanda suka haihu da yawa, da waɗanda ba su yi makaranta ba. Ni malami, wannan na ƙarshe ya fi damuna, gama na san yadda ake cire yarinya daga aji shida a yi mata aure. Ga kunya: 'yar fari takan ɓoye naƙuda, ta cije, har dare ya raba ba wanda ya sani.

Matan zumunta na ƙauyen sun yi dabara. Kowace Lahadi suna jefa ɗan abin da ya samu cikin asusu don kuɗin babur, kada a tsaya jiran maigida ya sayar da dawa. Wannan ya gamshe ni ƙwarai.

A kan dakashi ne muka sha bamban da Iya. Ita a wurinta nonon farko ƙazanta ne, a tatse a zubar, a ba yaro ruwa kwana biyu ko uku. Pasto ya ce, "Iya, ɗan akuya ma shi yake fara sha, Ubangiji kuwa bai yi shi banza ba." Na ƙara da cewa shi ne rigakafin farko, a sa yaro a nono cikin awa ɗaya. Ta yi shiru, ta gyara wa jaririn zane. Can ta ce sai ta yi shawara da sauran tsofaffi tukuna.