Librebil: daga gaɓar Sabiliyar zuwa filin Angonje

Duk wanda ya taso daga ƙasar rairayi ya sauka Librebil, babban birnin Gabon, ruwa ne ke fara tarbarsa. Akwai shi a sama, akwai shi a ƙasa, akwai shi cikin iskar da ake shaƙa, har riga ta manne wa mutum a baya tun bai kai ga taksi ba. Ruwan saman da ke zuba nan a shekara guda ya kusa mita 3, wato abin da manomin Maraɗi ke tarawa cikin damina biyar ko shida. Filin jirgin sama mai sunan Leon Mba, shugaban ƙasar na farko, yana kwance daf da tekun Atlantika, a arewacin gari.

Sunan birnin na nufin garin ƴanci. A 1849 sojojin ruwan Faransa suka zaunar da wasu bayi da suka ƙwato daga jirgin fatake a wannan gaɓa, inda ƙabilar Mpongwe ke zaune tun tuni. Yau babbar hanya ce ke bin bakin ruwa daga filin jirgi zuwa tsakiyar gari, tana wuce fadar shugaban ƙasa da Umar Bongo ya gina da kuɗin man fetur. Nan da can a bisa yashi ana ganin manyan gungumen itace da suka kuɓuce wa masu fataucin katako, ruwa ya turo su ya bari. Wanda ke son ganin yadda talakan gari ke rayuwa sai ya bar wannan hanya ya hau tudu zuwa kasuwar Mombuwet, inda ƴan Mali da Senegal da Benin da Najeriya ke kasa hajarsu, kuma kunne ba ya daɗewa bai tsinci Hausa ba. Abinci na da tsada, domin da yawansa daga waje yake zuwa, musamman daga Kamaru.

Kusa da filin jirgi akwai wata unguwa ta masu hali da ake kira Sabiliyar, gaɓarta shiru, sai itatuwan kwakwa da ƙarar igiyar ruwa. A daren 27 ga Afrilu 1993 wani jirgin sojan saman Zambiya, ƙirar Buffalo, ya sauka Librebil shan mai. Ya taso daga Lusaka, ya yada zango Barazabil, yana nufin Abijan sannan Dakar, inda ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Zambiya za ta kara da Senegal a neman shiga kofin duniya. Tashinsa ke da wuya sai injin hagu ya kama da wuta. Rahoton da Gabon ta fitar a 2003, bayan shekara 10 cur, ya ce matuƙin ya kashe injin dama mai lafiya maimakon wanda ke ci. Jirgin ya faɗa teku wajen mita 500 daga gaɓa. Mutum 30 ke ciki, 18 daga cikinsu ƴan wasa, babu wanda ya fita. An rasa mai horarwa Godfrey Chitalu, an rasa gola Efford Chabala, an rasa matashi Kelvin Mutale da ya zura ƙwallo uku a ragar Moris kwanaki kaɗan kafin nan.

Ba ƙaramar ƙungiya teku ya ci ba. Da yawa cikinsu na daga waɗanda suka lallasa Italiya da ci 4 da nema a wasannin Olimpik na Seoul a 1988. Kalusha Bwalya, wanda ya ci uku a ranar, ya tsira ne domin yana wasa a PSV ta Holan, shirinsa shi ne ya iske abokansa a Dakar. Shi ya ja ragamar sabuwar ƙungiyar da aka harhaɗa cikin gaggawa. Maki guda suke nema a Kasabalanka a Oktoban 1993 su je kofin duniya, Maroko ta doke su 1 da nema, kuma alƙalin wasan, Jean-Fidèle Diramba, ɗan Gabon ne. Mai karatu na iya ƙiyasta irin ɗacin da sunan Gabon ya riƙa yi a bakin mutanen Lusaka. A 1994 a Tunis suka kai wasan ƙarshe na kofin Afirka, Najeriya ta ci su 2 da 1 ta ƙafar Emmanuel Amunike.

Daga Sabiliyar hanya na ci gaba arewa zuwa Angonje, inda ƙasar Sin ta gina fili mai ɗaukar mutum 40.000 domin kofin Afirka na 2012, wanda Gabon da Gine Ekwatoriyal suka karɓa tare. Ɗan Nijar ba baƙo ba ne ga wannan fili, nan ne Mena ta fara taka leda a gasar CAN. Yadda ta isa ma abin labari ne. Ta ci wasanninta uku na gida a filin Seyni Kunce na Yamai, har da Masar mai riƙe da kofi, ta sha kashi a duka ukun na waje. Ranar ƙarshe Afirka ta Kudu ta yi kunnen doki da Saliyo, ƴan wasanta suka shiga rawa suna zaton sun haye, ashe ba su karanta dokar gasar da kyau ba. Ƙasashe uku na da maki 9, aka duba sakamakon tsakaninsu, ƴan Haruna Dula suka wuce. A Angonje kuwa abin ya yi nauyi: Gabon ta ci 2 da nema, Tunisiya 2 da 1, Maroko 1 da nema. Ƙwallon da William N'Gounou ya zura wa Tunisiya ita ce ta farko da Nijar ta ci a wannan gasa.

Zambiya a can Gine Ekwatoriyal aka ajiye ta, tsakanin Bata da Malabo. Bisa jadawali, bayan ta zo ta farko a rukuninta, ba ta da hanyar taka ƙasar Gabon sai in ta kai wasan ƙarshe. Ta doke Senegal, ta fitar da Sudan da ci 3, ta kayar da Gana 1 da nema bayan gola Kennedy Mweene ya tare fenaltin Asamoah Gyan. Da suka iso Librebil, kafin ranar wasa, sai suka nufi gaɓar Sabiliyar tare da Kalusha, wanda a lokacin shi ne shugaban hukumar ƙwallon ƙasarsu. Suka yi waƙa, suka ajiye furanni bakin ruwa. Mafi yawansu yara ne ƙanana sa'ad da jirgin ya faɗi.

Ranar 12 ga Fabrairu 2012 suka fuskanci Kodibuwa ta su Didier Drogba da Yaya Toure, ƙungiyar da ba a zura wa ko ƙwallo ɗaya ba tun farkon gasar. In a takarda ake cin kofi, da ba sai an shiga fili ba. Wajen minti na 70 aka ba Kodibuwa fenalti, Drogba ya ɗaga ta sama da raga. Aka gama minti 120 babu ci, aka koma bugun daga kai sai gola. Bakwai na farko daga kowane ɓangare duk suka shiga, har da na Mweene da kansa, yayin da sauran ƴan Zambiya ke tsakiyar fili suna rera waƙa. Mweene ya tare na Kolo Toure, Rainford Kalaba ya ɓarar da nasa, Gervinho shi ma ya aika sama. Bugu na 18 na Stoppila Sunzu ne, ya shiga, 8 da 7. Mutanen Librebil da ke fili galibi Zambiya suka goya wa baya, abin da ya wanke wani sashe na tsohon ɗacin. Mai horarwa Hervé Renard, da farar rigarsa, ya sungumi Joseph Musonda da ya ji ciwo tun farkon wasa, ya ruga da shi wurin abokansa. Kodibuwa ta koma Abijan ba kofi, ba kuma wanda ya ci ta cikin wasa.

Filin Angonje ya sake karɓar wasan ƙarshe a 2017, lokacin da Kamaru ta doke Masar 2 da 1. Renard ya koma Kodibuwa ya ci mata kofi a 2015, a Bata. Biyu daga cikin masu horarwar da suka zauna bakin filin Angonje a 2012 kuwa Yamai suka nufa daga baya. Gernot Rohr, wanda Gabon ɗinsa ta doke Mena, shi ya kai ta Afirka ta Kudu a 2013, inda ta samo makinta na farko da canjaras da Kwango Kinshasa. François Zahoui, wanda fenaltin Sunzu ya hana wa kofi, ya riƙe Mena daga 2015 zuwa 2019.