Tauraro Ɗaya Ya Jawo Asara

Akwai wani matashi mai sana'ar rubuta manhaja, wanda wani attajiri mai sayar da takin zamani ya ba shi aikin gina masa shafin ciniki a intanet. Ya yi aikin ne da harshen Python, wanda Guido van Rossum, mutumin ƙasar Holan, ya fitar a 1991. A wannan harshe akan rarraba aiki cikin kundaye, kowane kundi da huruminsa, watau sunan da aka raɗa a wani kundi ba a san shi a wani ba sai an shigo da shi.

Matashin ya ajiye kuɗin buhu a kundin da ya kira farashi. Da ya zo kan kundin da ke yanka wa masu saye kuɗi, sai gaggawa ta sa ya rubuta from farashi import *, ma'ana a kwaso sunayen da ke can baki ɗaya a zube nan.

Da damina ta faɗi taki ya yi tsada, attajirin ya shiga shafin ya ƙara kuɗi, ya ga sabon farashi, ya kama harkokinsa. Ashe masu saye tsohon kuɗi suke ta biya, ba a farga ba sai ranar lissafi.

Kwana biyu matashin ya yi yana neman bakin zaren. Ashe sunan da aka kwaso yana riƙe ne da adadin da ya tarar a lokacin kwasowa. In aka canza shi a gidansa na asali, labari ba ya isowa nan. Ko da sunan kaɗai ya shigo da shi, haka za ta faru, amma da ya ga sawunsa nan take. Tauraron ne ya ɓoye inda sunan ya fito. Ƙa'idar rubutun Python mai suna PEP 8, wadda aka fara rubutawa a 2001, ta yi gargaɗi a kan haka.

Ya je ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, laifina ne." Attajirin ya zabtare masa lada, amma ya bar masa aikin. Ya mayar da farashin rumbun bayanai, inda ake karanto shi a kowane ciniki, ya kuma share duk wani tauraro daga kundayensa. Dama masu magana sun ce sauri ya haifi nawa.